Yammacinmu na ƙarshe a Zanzibar: yadda muka zaɓi mai yi mana jagora

 

Rahoton aikin da ya kai mu Zanzibar yana hannun shugabanninku, za a karanta muku shi a wurin taro. Yau labarin yammaci guda muka kawo muku, na ranar da muka yi saura kwana ɗaya mu dawo gida. Mun ga ya kamata mu ba da shi, don a cikinsa muka kusa yin asarar kuɗi, muka kusa yin faɗa, kuma a cikinsa muka ga abin da har yanzu muke zancensa.

Mu biyar ne muka tafi. Akwai Hajiya daga Damagaram, ita ce babbarmu, gwiwa kuma tana damunta. Akwai ma'ajiyarmu daga Maraɗi, wadda ko barci za ta yi sai ta sa kayenta ƙarƙashin matashi. Akwai ɗaya daga Tawa, ɗaya daga Dogon Dutsi, sai autarmu ƴar Yamai wadda ta yi lakkwal, tana jin Faransanci sosai da ɗan Ingilishi. Ita ce bakinmu, ita ce kunnenmu.

Inda muka sauka

Zanzibar tsibirai ne cikin tekun Indiya, a gabashin Afirka. Manyansu biyu ne, Unguja da Pemba, mu a Unguja muka sauka. A 1964 suka haɗe da Tanganyika aka samu ƙasar Tanzaniya, amma har yau suna da nasu shugaba da tasu majalisa. Daga Yamai jirgi ya kai mu Adis Ababa, muka canza wani. Agogonsu ya riga namu da awa biyu. Yawancin mutanen Musulmi ne, kiran salla ta ko'ina, mata da lulluɓi, sai ki ce gida. Bambancin shi ne ruwa. Mu da muka saba da tafki da gulbi, ranar farko da muka tsaya bakin teku ƴar Tawa cewa ta yi: "To ina ƙarshenai?"

Turawa da sauran baƙi suna zuwa hutu tsibirin da yawa. Otal-otal sun cika bakin ruwa, musamman can arewa wajen Nungwi, da gabas wajen Paje da Jambiani. A gabashin nan ne muka ziyarci matan da ke noman ciyawar teku, wadda suke kira mwani. In ruwa ya janye sai su shiga, su ɗaura ciyawar a igiyoyi tsakanin turaku, in ta girma su tsinko su shanya su sayar. Su ma suna da asusu irin namu, da akwati da makullai da zubin sati. A Tanzaniya ana kiran irin waɗannan ƙungiyoyi VICOBA, kuma tsarin nasu daga na Mata Masu Dubara aka ɗauko shi, wanda aka fara a jihar Maraɗi a 1991. Da aka gaya musu ga mace daga Maraɗi, sai suka miƙe suna guɗa. Ma'ajiyarmu, wadda ba ta cika dariya ba, ranar har haƙoranta muka gani.

Kuɗin da ke hannu

Kwana shida muna taro da ziyara. Ranar ta bakwai aka ce mana daga azahar babu aiki, kowa ta yi abin da take so. Masaukinmu yana bakin garin dutse, wanda su ke kira Mji Mkongwe, wato tsohon gari. Kullum muna wucewa ta gefensa cikin mota, ba mu taɓa shiga ba. Muka ce ba za mu koma gida a tambaye mu abin da muka gani mu ce ɗakin taro ba.

Da safe muka zauna lissafi. Kuɗi iri biyu ne a hannun ma'ajiya. Na farko amana ce: ƙungiyoyi uku sun ba da saƙo a sayo musu kanumfari da zannuwan kanga su gwada sayarwa. Na biyu namu ne, abin da ya rage na guzuri bayan tsaraba. Kowacce ta kawo kwatankwacin jika 12, ya zama jika 60. A canjin da muka yi lissafi da shi, dalar Amurka ɗaya kusan sefa 600 ce, ke nan dala 100 tasu muke da ita. Ma'ajiya ta ja layi a kaye tsakanin kuɗin biyu, ta ce wanda ke sama da layin ko wuta ta kama ba za a taɓa shi ba.

Mai dala talatin

Muna fitowa ƙofar masauki sai ga wani saurayi da hotuna cikin leda. Ya yi mana sallama da fara'a, ya ce "Mama, mama", ya buɗe hotunan. Jirgin katako ne mai babban ƙyalle da iska ke turawa, irin wanda suke kira jahazi, ga rana tana faɗuwa ja wur a bayansa, ga mutane suna dariya da kofuna a hannu. Ya ce yawon yamma ne cikin teku, awa biyu, da kiɗa da abin sha da abin taɓawa. Auta ta tambaye shi kuɗi, ta juyo ta ce mana: "Wai dala talatin kowace."

Ƴar Dogon Dutsi ta tafa hannu. "Dala talatin? Ke, ko kabu-kabu ba ya kai ki kasuwa da dala talatin! Ni na biya wa kowa." Har ta fara kwance bakin zane. Auta ta riƙe hannunta ta ce: "Yaya, ba dalarmu ba, dalar Amurka. Jika goma sha takwas ke nan mutum guda." Sai ta mai da bakin zanen ta ƙulle, ba ta ƙara cewa komai ba. Mun yi dariya har Hajiya ta zauna kan dakali. Amma ku riƙe wannan: in kin fita ƙasar waje aka ce miki dala, tambayi wace dala.

Jika 18 sau biyar, jika 90. Ya fi ƙarfinmu. Muka juya za mu tafi, saurayin ya biyo mu. Ya sauko 25, ya sauko 20. Dala 20 sau biyar, 100 cif, daidai abin da ke hannunmu. Nan hankalinmu ya rabu biyu. Auta da ƴar Dogon Dutsi suna so. Auta ta ce: "Hajiya, yaushe za mu sake ganin teku? Ragin kashi ɗaya cikin uku fa ya yi mana." Gaskiya hotunan suna da kyau, kuma ba laifi ba ne yarinya ta so shiga jirgi. Saurayin ya ce mu ba da rabi yanzu, kafin alƙalami, don wai wuri yana ƙarewa. Hajiya ta ce da auta: "Gaya masa mu ba mu yanke magana a tsaye. Sai mun zauna."

Muka yi taro

Muka koma ɗaki muka shimfiɗa zane a ƙasa, muka zauna kamar ranar zubi. Ɗaya daga cikin matan da suka karɓe mu, shugabar wata ƙungiya ce a can, ta zo yi mana ban kwana, muka riƙe ta. Da ɗan gari akan ci gari. Ta ce mana irin waɗannan samari mutanen gari na kiransu papasi, ma'anarsa kaska. Ta ce ba dukansu ne macuta ba, neman abinci suke, wasu ma za su kai ki jirgi na gaskiya. Amma yawancinsu ba su da jirgi ba su da mota, ƴan kamasho ne. In kin ba shi kafin alƙalami ya ɓace, ba ki da wurin kai ƙara. Mai jagora na gaske yana da kati daga hukumar yawon buɗe ido, da hotonsa a jiki, kuma ba ya jin haushi in kin ce ya nuna.

Ta lissafa mana yawon yamma iri uku da baƙi suka fi yi. Na ɗaya jirgin nan. Na biyu a ɗauki mota zuwa Nungwi, a kalli faɗuwar rana a kan farin rairayi, a dawo da dare. Na uku a zaga tsohon gari da ƙafa tare da mai jagora, a ƙare a lambun Forodhani inda ake kasuwar abinci da dare.

Nungwi muka fara cirewa. Tafiyar ta fi awa guda zuwa, awa guda dawowa, kuɗin mota kaɗai zai cinye mafi yawan abin da muke da shi, ga jirginmu na sama da sassafe. Saura biyu. Hajiya ta ce kowacce ta faɗi tambaya guda da take so a amsa mata kafin kuɗinta ya fita, ma'ajiya ta rubuta.

Ƴar Tawa ta ce: "Ni salla. In magariba ta yi muna bisa ruwa, ina munka yi ta?" Ƴar Dogon Dutsi ta ce ita abin shan nan take so ta san ko mene ne. Hajiya ta ce gwiwarta: ta ina ake hawa, ta ina ake sauka. Ma'ajiya ta ce takarda: wa zai ba ta resi, kuma me da me kuɗin ya ƙunsa. Auta, wadda ita ce mai son jirgin, ta yi shiru, can ta ce: "Ni ban iya ruwa ba. Ko akwai rigar hana nitsewa?" Baƙuwarmu ta gyaɗa kai. Ta ce mutanen Zanzibar ba su wasa da wannan tambaya, don ba su manta da manyan jiragen fasinja biyu da suka nitse a 2011 da 2012 ba, inda rayuka da yawa suka salwanta.

Muka fita da tambayoyin biyar. Saurayin yana nan. Salla? Ya ce Allah yana ko'ina. Abin sha? Akwai lemo, akwai kuma giya ga mai so, da sauran baƙi za a haɗa mu. Hawa? Sai an taka ruwa zuwa gwiwa a kama tsani. Rigar ruwa? Ya ce akwai, amma da aka tambaye shi guda nawa sai ya ce teku lafiya lau take yau. Resi? Ya dafa ƙirji ya ce shi ne resi. Kati? Ya bar shi gida. Auta da kanta ta mayar masa da hotunansa ta yi masa godiya.

Kada ku ce mun ce jirgin yamma abu ne marar kyau. Baƙuwarmu ta ce akwai masu jirage na kirki, masu buro da takarda da riguna ga kowa, har ana iya ɗaukar jirgi ku kaɗai ba giya ba kiɗa. Kuɗinsa ne ya fi aljihunmu a ranar.

Ta ce tana da ƴar wata ƴar ƙungiyarsu, mai jagora ce da kati, kuma ta koyi Faransanci. Nan take ta kira ta a salula. Auta ta karɓa, ta jero mata tambayoyin nan biyar ɗaya bayan ɗaya. Amsoshin suka zo ba kwana-kwana. Dala 10 kowace mace. Kuɗin shiga wurin tsohuwar kasuwar bayi daban ne, mu za mu biya a ƙofa. Abinci ma namu ne. Za a yi tafiya a hankali, ana hutawa. Magariba a gidan gwaggonta. Ba ta karɓar ko sisi sai an gama. Aka ɗaga hannu, biyar cif. Ta ce za ta turo saƙo da lokaci.

Ƙarfe goma

Bayan azahar saƙon ya shigo, baƙuwarmu kuma ta riga ta tafi. Auta ta karanta: "Saa 10." Muka dubi juna. Ƙarfe goma? Hajiya ta ɗaure fuska. "Ƙarfe goma na dare zan fita yawo a garin mutane? Da girmana? Me zan gaya wa Alhaji?" Ƴar Tawa ta ce dama ta san sai an yi haka. Ƴar Dogon Dutsi ta ce da mun bi mai jirgi. Magana ta fara zafi, har ma'ajiya ta ce a raba kuɗin kowa ta kama gabanta.

Wata mai shara a masaukin ta ga muna ta nuna waya muna ɗaga murya. Ta leƙa saƙon, ta yi dariya, ta kama hannun auta ta nuna mata agogon bango. Ta sa yatsa kan 10, ta ja shi kai tsaye zuwa lambar da ke fuskantarsa, 4. Ashe masu jin Swahili daga fitowar rana suke fara ƙirga awa. Ƙarfe bakwai na safe shi ne awa ɗaya a wurinsu, sha biyun rana awa shida, ƙarfe huɗu na yamma awa goma. Suna kusa da tsakiyar duniya, rana tana fitowa tana faɗuwa kusan lokaci guda duk shekara, shi ya sa lissafin yake yi musu daidai. Bambancin awa shida ne. Hajiya ta ce: "To ai nasu ya fi namu ma'ana. Wa ya taɓa ganin gari ya waye da tsakar dare?" Saura minti arba'in, muka yi alwala a gurguje.

Cikin lungunan garin dutse

Ta zo kan lokaci, yarinya ce ba ta wuce sa'ar autarmu ba, da baƙar abaya da katinta rataye a wuya. Ta jira muka yi la'asar. Kafin mu ɗaga ƙafa ta durƙusa ta dubi takalmin Hajiya, ta ce yana da kyau, za a iya.

Daga kasuwar Darajani muka fara. Ƙamshin kanumfari da kirfa da masoro da citta ya tarye mu tun daga baki. A nan ma'ajiya ta sayi saƙon amana, mai jagora tana tsaye tana duba awo. Wani abu ya ba mu mamaki: da mai kaya ya ce "hamsini", ƴar Tawa ta ce "arba'in", ya ce "arobaini?", sai ga su suna ciniki ba tafinta. Ashirin, talatin, sittin, saba'in, tamanin, duk kusan ɗaya ne da namu, don su ma daga Larabci suka aro. Haka asuba da magariba da Alhamis da duniya. Kanumfari shi ne ya yi wa tsibirin suna tun zamanin Sarki Sayyid Sa'id na Oman, wanda ya dawo da fadarsa daga Maskat zuwa Zanzibar wajen 1840. Mai jagora ta ce yau mafi yawansa daga Pemba yake zuwa.

Daga nan muka shiga lunguna. Mota ba ta shiga, wani wurin in kin miƙa hannu biyu kin taɓa bango da bango. Gidajen benaye ne na duwatsun teku da farar ƙasa, kowane da dakali a ƙofa, su baraza suke ce masa. Tun 2000 hukumar UNESCO ta sa garin cikin wuraren tarihi na duniya. Abin da ya tsayar da mu shi ne ƙofofi. Katako ne mai kauri, an sassaƙa masa furanni da igiyoyi, wasu da manyan ƙusoshin tagulla. Ta koya mana bambancewa: mai kai a miƙe, sau da yawa da rubutun Larabci a sama, irin ta Larabawa ce, mai kai a lanƙwashe kamar baka irin ta Indiyawa. Hajiya ta daɗe gaban wata tana shafawa. Ta ce ta tuna mata unguwar Birni a Damagaram, inda ake yi wa fuskar gida zane don a san mai gidan wane ne. "Mu a bango muke yi, su a ƙofa."

A wata kwana ta ce nan kusa akwai gidan da Turawa ke layi su ɗauki hoto, don wani mawaƙin Ingila, Freddie Mercury, a garin aka haife shi a 1946. Ta ga ba wadda ta motsa. Ta yi dariya ta ce to bari ta ba mu labarin mata. Ta ba mu na Siti binti Saad, ƴar talakawa daga ƙauye wadda ta zama babbar mawaƙiyar taarab, har ta je Bombay a 1928 aka ɗauki muryarta a faifai. Ta ba mu na Gimbiya Salme, ƴar Sarki Sa'id, wadda ta koya wa kanta rubutu a ɓoye, daga baya ta rubuta littafin rayuwarta. Nan muka ga amfanin mai jagora taku ta kanku. Da cikin ayarin mutum ashirin muke, da mun tsaya rana gaban gidan mutumin da ba mu sani ba.

Wurin da muka yi shiru

A unguwar Mkunazini akwai babban coci. A filin da yake tsaye nan ne kasuwar bayi take, har zuwa 1873 da Sarki Barghash ya rufe ta bisa matsin Ingila. Daga cikin ƙasashen gabashi da tsakiyar Afirka ake kamo mutane, a taso su a ƙasa har bakin teku, a zubo su cikin jirage. Wasu a sayar da su gonakin kanumfari, wasu a wuce da su ƙetare. Muka biya kuɗin shiga, aka ba ma'ajiya tikiti biyar.

Ana nuna wa baƙi wasu ɗakunan ƙarƙashin ƙasa, rufinsu ƙasa-ƙasa, tagoginsu ƴan tsaga. Hajiya ta ce sai ta sauka, da gwiwar da komai. A waje kuma akwai rami da mutum-mutumin mutane a tsaye, da sarƙa a wuyansu. Ba wadda ta fito da waya ɗaukar hoto. Mai jagora ma ta bar magana, ta ja gefe ta ba mu wuri.

Ƴar Tawa ce ta fara magana, a hankali. Ta ce kada mu yi kamar abin na nesa ne. A ƙasarmu sai 2003 aka yi dokar da ta hukunta bauta, kuma a 2008 ne kotun CEDEAO ta ba Hadijatou Mani gaskiya, mace daga jihar Tawa da aka sayar tana yarinya. Auta ta fassara wa mai jagora. Ta ce ita ma a cikin danginta akwai waɗanda aka kawo, akwai waɗanda suka saya, kuma ba a cika zancen a gida ba. Muka yi wa waɗanda suka wuce ta wurin addu'a, muka fita.

Faɗuwar rana

Shida ta ɗan gota muka ɓullo bakin teku. Ga tsohuwar ganuwa da Larabawan Oman suka gina, ga kuma Beit al-Ajaib, gidan abin al'ajabi, wanda Sarki Barghash ya gina a 1883. Shi ne gini na farko a Zanzibar da ya samu lantarki da na'urar hawa bene. Wani sashensa ya rushe a Disamban 2020, don haka daga waje muka kalle shi. Ta nuna mana inda jiragen yaƙin Ingila suka tsaya suka yi wa fada ruwan wuta a 1896, yaƙin da bai kai awa guda ba aka gama.

Muka sama wa Hajiya wurin zama kan bangon bakin ruwa. Samarin gari suna ta gudu suna tsalle suna faɗawa teku, jama'a na yi musu tafi. Rana ta sauko ta yi ja, ta taɓa ruwa, cikin ƴan mintoci ta nitse. Sai ga jiragen nan masu ƙyalle suna wucewa gabanta, uku, huɗu, daidai kamar hoton cikin leda. Auta ta yi ta kallo ba ta ce komai ba. Hajiya ta dafa ta ta ce: "Ɗiyata, kin so shiga ko?" Ta ce: "Na so, Hajiya." Hajiya ta ce: "Allah ya maimaita mana, ki shiga na kirki." Ƴar Dogon Dutsi ta ce ai waɗanda ke ciki ba su ganin jirgin, mu ne muke ganinsa. Auta ta yi murmushi, amma mun san da saura a ranta.

Aka kira salla. Gidan gwaggon yana cikin wani lungu, tafiyar minti biyar. Tsohuwa ce, ta shimfiɗa mana tabarma, ta kawo ruwa a buta. Bayan mun idar ta ba mu shayi mai kanumfari da citta. Ba ta jin namu, ba mu jin nata, amma ita da Hajiya sun yi hira mai tsawo da hannu, kan gwiwa da jikoki.

Kasuwar dare

Da muka koma Forodhani wurin ya canza. An jera tebura, an kunna fitilu, hayaƙin gashi ya tashi. Mai jagora ta ba mu doka biyu: a tambayi kuɗi kafin a sa hannu, kuma a ci abin da aka dafa a gabanki. Kifi da ƙaguwa da jatan lande da ke jere gwanin sha'awa, ta ce ba kowane ne na yau ba. Ta kai mu inda ƴan gari ke layi. Muka sha urojo, wani romo ne mai tsami da ɗan kauri, da dankali da wani abu kamar ƙosai da soyayyen rogo a ciki. Muka ci tsirensu, mishkaki, wanda bai kai namu yaji ba, ba kuma ƙuli. Muka sha ruwan rake da aka matse a gabanmu da citta da lemun tsami. Ƴar Tawa kaɗai ta yi ƙarfin halin ɗanɗana wata dabbar ruwa mai hannu takwas da suke kira pweza. Ta tauna, ta tauna, ta ce kamar ganda ce da ba ta nuna ba.

Ƙarfe tara saura ta raka mu har ƙofar masauki. Sai a nan ma'ajiya ta ƙirga mata kuɗinta, ita kuma ta rubuta resi ta sa hannu.

Lissafi

Ga yadda jika 60 ɗinmu ta tafi. Mai jagora, jika 30. Kuɗin shiga Mkunazini, jika 15. Abinci da ruwan rake, jika 11. Muka ƙara wa yarinyar jika 2, muka ce ta kai wa gwaggo tukuicin shayi. Jika 2 ta rage, muka ba mai sharar da ta koya mana agogo. Kuɗin amana ba a taɓa ko dala ba, tamu ko tasu. Resin kanumfari da na kanga suna cikin kaye, duk mai so ta gani.

Mun san ba kowacce ce za ta je Zanzibar ba. Amma ana zuwa taro Yamai a ce a shiga kwale-kwale a kan Isa da yamma, ana zuwa Umra a ce ga motar ziyara, ana zuwa Kwatano ko Lome sarin kaya a ce ga mai zagawa da ku. Ko'ina ne, ku zauna tukuna kafin ku amsa. Ku nemi ƴar gari da kuka yarda da ita. Ku tambayi abin da kuɗin ya ƙunsa da abin da bai ƙunsa ba, da inda za a yi salla, da waɗanda za a haɗa ku da su, da yadda mai rauni a cikinku za ta yi. In ruwa ne, ku ga rigar da idonku, ku ƙirga. A maimaita lokaci da wurin haɗuwa har kowa ta gane. Kuɗi kuma ya fita bayan aiki, ko in dole ne a ba da wani abu, a ba da shi kan takarda.

Ƙungiyoyi ukun da suka ba da saƙo, kayanku sun iso, suna wurin ma'ajiya a Maraɗi. Ku turo mutum biyu-biyu da kayenku a auna a gabanku. Matan Paje da Jambiani suna gaishe ku, sun ce in Allah ya yarda su ma suna so su zo su ga inda akwatin ya fito. Mu fara tunanin inda za mu zaga da su, da wadda za ta yi musu jagora.

Allah ya albarkaci zubinmu, ya bar mu tare. Sai fitowa ta gaba.